Minti Tara a Vienna

Wata huɗu da fara aikina a kamfanin jimar fata da ke Challawa, Alhaji Lawan ya aiko a kira ni. Shi ne shugaban kamfanin, kuma har ranar ban taɓa shiga ofishinsa ni kaɗai ba. A sashen fitar da kaya ƙasashen waje nake aiki. Ina cike takardu, ina amsa wasiƙun masu saye, ina bin sawun kwantena daga sitonmu har ta isa Legas. Teburina yana kusurwa, jikin tagar da ke kallon farfajiya, inda ba a cika tunawa da ni ba, kuma hakan ya fi mini daɗi.

"Sa'adiya, an ce ke ce kika iya bin hanyoyin Turawa a kwamfuta."

"Ina ɗan taɓawa, ranka ya daɗe."

"To zauna ki ji."

'Yarsa Rukayya ta gama karatun likita a wani gari mai suna Debrecen, a ƙasar Hungary, bayan shekara shida. Ranar wata Asabar da ƙarfe tara na safe za a rantsar da su. Shi kuma a makon yana da zama da masu sayen fatarmu a Milan, cikin Italiya, har zuwa Laraba da rana. Sai ya ga dama ta samu ya tafi da maiɗakinsa, Hajiya Amina, su mayar da tafiyar hutu.

"Tunda muka yi aure ban taɓa fita da ita ko'ina ba sai Makka," in ji shi. "Na yi mata alkawarin garin nan da ake yawo a kwalekwale cikin unguwa. Venice. Ki ba mu yini guda cur a can. Amma ki riƙe wannan a ranki, Juma'a da daddare muna Debrecen. In aka kira sunan yarinyar nan ba ma wurin, ba ni da bakin yi wa uwarta bayani."

Kwana uku na yi a kan aikin. Na fitar musu da tsari mai shafi biyu. Laraba da yamma jirgin ƙasa ya kai su Venice, Alhamis su yini suna yawo, Juma'a su kama doguwar hanya. Da sassafe bas za ta tsallaka da su iyakar Austria, ta sauke su a wani ƙaramin gari, su hau jirgin ƙasa zuwa Vienna. A Vienna su sauka su canja wani jirgin zuwa Budapest, inda Rukayya ta riga ta kama musu kujera a ƙaramar bas ta ƙarshe mai zuwa Debrecen. Tsakanin jiragen nan biyu na Vienna minti tara ne. Shafin sayar da tikiti ya nuna lokacin ya isa, ni ma na yarda da shi.

A taron ranar Litinin Alhaji ya ɗaga takardar a gaban manajoji. Ya ce ga aiki, ko minti ɗaya ba a bari ya zube ba. Na sunkuyar da kai, amma cikina fari tas. Ya ce zuwa Alhamis in sayi tikitin gaba ɗaya, don lokacin hutu ne, kujeru suna ƙarewa.

Ranar Talata na sauka da wuri zuwa rumfar motoci. Kamfanin yana da bas shida masu ɗaukar ma'aikata, ni ta Dorayi nake bi da ƙarfe huɗu da rabi. Wanda ke tsara tashinsu da dawowarsu shi ne Malam Ya'u, wani dattijo siriri mutumin Matamaye, wanda ya yi shekara ashirin yana tuƙi kafin idonsa ya fara gajiya aka mayar da shi rumfa. Duti uku ake yi a kamfanin, kuma ma'aikata sun watsu daga Panshekara zuwa Sharada har Dakata. Tunda na zo ban taɓa ganin injin jima ya tsaya yana jiran mutane ba.

Na daɗe ina kallonsa daga tagata. Yana da baƙin allo da alli, da wani littafi mai bangon fata da yake rubutu a ciki da ajami. Ba ya ɗaga murya. Idan lokacin tashi ya yi, sai ya bugi gefen bas sau biyu da tafin hannu, direba ya ja. Gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ina zaune a benci ina sake duba takardar, sai na ji ya ce, "Malama, wannan ce ta tafiyar Alhaji da ake ta labari?"

"Ita ce, Baba."

"Karanta mini in ji. Ban taɓa hawa jirgin ƙasa ba sai na Nguru, tun ina saurayi."

Kamilu, direban motarmu, yana kwance a kan tabarma yana jiran lokaci. Ya ɗaga kai ya ce, "To fa! Malam zai fara bai wa jiragen Turawa hannu. A gaya musu su shirya, ba ya yafe minti ɗaya."

"Kai dai je ka duba iskar tayarka ta baya. Tun safe take kallona."

Na karanta a hankali, muryata tana ƙasa. Yana ta gyaɗa kai, idonsa a rufe. Da na zo Vienna sai ya buɗe ido.

"Tsaya. Minti nawa?"

"Tara."

"Jiragen biyun a jere suke, a sauka wannan a shiga wancan?"

Na buɗe taswirar tashar a waya na nuna masa. Ba a jere suke ba. Sai an bi dandamali har tsakiya, a sauka ƙasa, a ratsa cikin jama'a, a sake hawa ta wani gefen. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa ya daɗe yana kallo.

"Akwati nawa?"

Ban sani ba. Ban tambaya ba.

"Huɗu ne, in ba su fi ba," in ji shi. "Uwa ce za ta je wajen 'yarta bayan shekara shida. Kuka, daddawa, yaji, atamfofin fitar biki. Wa zai ɗauka?"

"Baba, shafin ya ce minti tara ya isa."

"Ya isa mana. Amma ga wanda suka gwada da shi kawai." Ya miƙo mini wayar. "Wani ɗan saurayi da jaka ɗaya a baya, wanda ya san tashar kamar tsakar gidansu. Ba su gwada da Alhaji ba."

Ya buɗe littafinsa ya juyo mini shi, ko da yake ba na iya karanta ajami da sauri. A gefen kowace matsaya akwai lokaci, a gefen lokacin kuma akwai suna. Ya ce a Panshekara, bakin masallacin 'yan katako, motar asuba tana tsayawa minti huɗu maimakon biyu, saboda Bala mai kula da tukunyar ruwan zafi yana ɗingishi tun da ya faɗo daga babur, kuma ba zai taɓa roƙon a jira shi ba. A Sharada ana ƙara minti uku ranar da mata masu zaɓen fata ke dutin safe, don sai sun miƙa yara makaranta. Idan wani ya bar aiki ko ya warke, sai ya soke sunan ya mayar da mintinsa.

"Ni ba na auna hanya da mota," in ji shi. "Da wanda ya fi kowa nawa nake aunawa. In ya shiga, kowa ya shiga."

Sannan ya nuna babban get da haɓa. "Daga can zuwa ƙofar ofis, ke minti biyu kike yi, kanki a ƙasa kamar mai neman allura. Alhaji shida yake yi. Shekara ashirin da biyu ina kallonsa. Ko da gobara ta tashi a sito ban ga ya yi gudu ba. Babban mutum ne, ba zai fara a ƙasar mutane ba."

Na sake kallon takardar. Na tambaye shi, in jirgin ya wuce su fa? Sai na ga ashe ni ce ya kamata in amsa. Na duba. Akwai wani jirgin bayan awa ɗaya, amma kafin ya isa Budapest ƙaramar bas ta tashi. Dattawa biyu da akwati huɗu, da dare, a garin da ba su san kowa ba, ga rantsuwa ƙarfe tara na safe a wani garin mai nisan awa kusan uku.

"Akwai gyara?" ya tambaya.

Gyara ɗaya ne. Su bar Venice ranar Alhamis da safe, su kwana a Vienna, Juma'a su ƙarasa a natse. Amma yinin da aka yi wa Hajiya alkawari ya tafi ke nan.

"To ki gaya masa."

"Baba, ta yaya zan ce wa Alhaji ba ya sauri?"

Kamilu ya tuntsire da dariya. "Ki ce masa Malam Ya'u ne ya faɗa. In kora ce a kore shi, mu huta."

Malam Ya'u bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba a ce wa babba ba zai iya ba. Ki dai kai masa maganar yadda take. In ya musa, ki ce ya sauko." Ya duba agogon hannunsa, ya miƙe, ya bugi motar Kamilu sau biyu.

Washegari na yi ta ɗaukar takardar ina ajiyewa. Na shirya jimlar da zan fara da ita ya fi sau goma. Wata zuciyar ta ce mini in yi shiru, ai shafin ya ce ya isa, in wani abu ya faru laifin jirgi ne. Amma duk lokacin da na leƙa taga sai in hango rumfar nan da allon. Ƙarfe ɗaya da rabi na tashi na ƙwanƙwasa ƙofar Alhaji.

Jimlar da na shirya ta gudu. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure a tsarin nan."

Ya cire tabarau. Na nuna masa wurin, na nuna taswirar, na faɗi gyaran. Ban ɗaga ido ba har na gama.

"A cire yinin Venice? Na riga na gaya wa Hajiya. Har ta nuna wa ƙawayenta hoton." Ya ja takardar gabansa. "Minti tara ai lokaci ne mai yawa. Su Turawan da suka rubuta ba su san aikinsu ba ne?"

"Sun sani, ranka ya daɗe. Sai dai akwai kaya, kuma..."

"Kuma me?"

Ya dube ni, sai ya fara murmushi.

"Kuma tsoho ne. Faɗi mana. Wa ya sa miki wannan a kai?"

"Malam Ya'u ne ya lura. Ya ce in kun musa, ku sauko."

"Ya'u!" Ya buga tebur yana dariya. "Mutumin da ko Abuja bai taɓa zuwa ba. Ni da na yi Safa da Marwa bara ban zauna ba ko sau ɗaya? Tashi mu je."

Ban yi zaton zai sauko da gaske ba. Amma Malam Ya'u ya yi zato, don mun tarar ya riga ya shirya. Ya karɓo akwatuna huɗu masu taya daga sashenmu, waɗanda ake zuba samfurin fata a ciki idan za a je baje koli. Ya sa an cika su da yankakkiyar fata, an ɗora kowanne a sikelin sito har ya kai kilo ashirin da uku. Tun safe ya auna tazarar da ƙafarsa, yana bin abin da ya gani a taswira: daga rumfa zuwa sito, a hau matakalar loda kaya a sauko ta ɗaya gefen, a ratsa farfajiya, a hau benen ofis har hawa na farko.

"Ranka ya daɗe, barka da rana."

"Barka kadai, injiniyan jiragen ƙasa. An ce ka ce na tsufa."

"Ni? Allah ya kiyaye. Akwatunan ne suka yi nauyi."

"A can akwai matakala mai tafiya da kanta, har da lifta."

"Akwai. Lifta ɗaya, mutum ɗari sun sauko tare da ku, wasu da keken jarirai. Na bar muku matakala biyu kacal a madadin jiran. Na yi muku sauƙi."

Ƙarfe biyu saura minti biyar ne, lokacin canjin duti. Masu dutin safe suna fitowa da takalman roba, masu dutin rana suna sauka daga motoci. Farfajiya ta cika maƙil. Alhaji ya ce a bari a rage, Malam Ya'u ya ce ai don haka ya zaɓi lokacin, tashar Vienna ba za ta watse don su ba.

"To wa zai zama Hajiya?" in ji Kamilu, wanda ya zo kallo.

Malam Ya'u ya dube ni. Na so ƙasa ta tsage in shige. Maza sun fi ɗari biyu a wurin, ni kuwa ko a jami'a ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Amma ya miƙo mini hannun akwati biyu kamar abin da aka riga aka gama magana a kai, ya ba Kamilu waya ya riƙe lokaci.

Alhaji ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, ya kama nasa biyun. Malam Ya'u ya bugi bangon rumfa sau biyu.

Ba mu yi taku goma ba mutum uku suka rugo. "Ranka ya daɗe, kawo! Subhanallahi, kawo!" Kafin ya yi magana har wani ya ɗora akwati ɗaya a ka, Alhaji kuma ya saki hannun ɗayan ba tare da ya lura ba.

"Ku ajiye!" Ranar na fara jin Malam Ya'u ya ɗaga murya. "Kowa ya koma. Duk wanda ya taɓa akwatin nan gobe da ƙafa zai zo aiki."

Mutanen suka ja da baya suna kallon juna. A ganinsu abin kunya ne a tsaya ana kallon mai gida da kaya a hannu. Alhaji ya tsaya yana duban tafin hannunsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Ya'u, muryarsa ta koma yadda take, "a can wa zai ce kawo?"

Alhaji ya sake kama akwatunan muka ci gaba.

Daga nan gaisuwa ta fara. "Barka da rana, Alhaji." "Sannu da aiki, ranka ya daɗe." Ya yi ƙoƙarin wucewa da ɗaga kai kawai, amma da wani tsohon ma'aikaci ya rusuna, sai ƙafarsa ta tsaya da kanta. "Yahaya, ya mai jiki? An sallamo ta?" Kamilu ya yi kira daga baya, "Minti uku sun tafi, jirgi ya fara hura hanci!"

"A Vienna ba wanda ya san ni," Alhaji ya ce yana haki kaɗan. "Wannan ba ya cikin lissafi."

"Gaskiya ne," in ji Malam Ya'u, yana biye da mu hannuwansa a baya. "A can kuma za ku tsaya karanta allo, ku nemi lambar dandamali, ku tambayi wani bai gane ba. Na bar gaisuwa a madadinsa."

A matakalar sito tayoyin suka daina amfani. Alhaji ya ɗaga ɗaya ya kai sama, ya dawo ya ɗauki na biyu. Ni na tattara ƙarfina na fizgi nawa, ina so a gama in ɓace daga idon jama'a. Na riga shi sauka ta ɗaya gefen, na kama hanyar farfajiya da sauri.

"Sa'adiya."

Na tsaya.

"Hajiya ba ta tafiya haka." Ya sauko ya tsaya kusa da ni, ya rage murya yadda ni da Malam Ya'u kawai muka ji. "Gwiwarta ta hagu. Tun azumi. Ba ta son a sani. Ɗaya-ɗaya take taka matakala, kuma ba za ta iya ɗaga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba."

Malam Ya'u ya kawar da kai kamar bai ji ba. Can ya ce, "To, Malama, sakar masa naki idan an zo bene."

Na rage tafiya. Na tuna yadda na ga Hajiya Amina sau ɗaya a walimar kamfani, tana tafe a natse, mayafinta a kafaɗa, na yi ƙoƙarin yin irin takunta. Abin mamaki, da na daina sauri sai kunyar ta ragu. Ma'aikata suka buɗe mana hanya, an daina dariya. Muna tsakiyar farfajiya Kamilu ya ce, ba da ƙarfi ba wannan karon, "Tara ta cika."

Alhaji bai tsaya ba. Ya kai akwatunan gindin benen ofis, ya hau da su ɗaya bayan ɗaya, sau huɗu, ni ina biye ina taka matakala ɗaya-ɗaya. Da ya ajiye na ƙarshe sai ya zauna a kansa. Hularsa ta karkace, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Nawa?"

"Sha bakwai, ranka ya daɗe," in ji Kamilu. "Amma wallahi kun yi ƙoƙari. Da ni ne direban jirgin da na jira."

"Kai da ko matarka ba ka jira," in ji Malam Ya'u.

Alhaji ya yi dariya har da tari. Aka kawo masa ruwa ya sha. Ya daɗe yana kallon akwatunan, sannan ya ciro waya ya kira gida. Muka matsa gefe, amma benen ƙarami ne, ana jin ɓangarensa.

"Hajiya... Lafiya lau. Maganar garin kwalekwalen nan ce... A'a, za mu je, sai dai kwana kawai, da safe mu wuce... Na sani. Na sani na faɗa." Ya daɗe yana saurare, yana murza gefen hularsa. "Da yamma in mun isa za a samu awa biyu kafin magariba. Ko sau ɗaya ne sai kin shiga... To. Allah ya kai mu wata shekarar, mu je mu uku da 'yarmu likita."

Ya kashe wayar. Fuskarsa ba ta saki ba.

"Ba ta ji daɗi ba," ya ce, ba da kowa yake ba. Sai ya juyo. "Ya'u, sauran canjin fa? Na bas da na Budapest?"

"Ban gan su da kyau ba tukuna. Malama ce ta san hanyar, ni mutanen kawai na sani. In ta zo da takardar bayan la'asar sai mu bi su ɗaya-ɗaya. Akwai maganar inda za ku yi salla ma, da abin da Hajiya za ta ci a hanya."

"Ku bi su." Alhaji ya dafa gwiwa ya miƙe. Wani ma'aikaci ya taho zai kama shi, ya ɗaga masa hannu. "Sa'adiya, duk inda ya ce a ƙara lokaci, ki ƙara. Kada ki sake zuwa tambayata."

"To, ranka ya daɗe."

Bayan la'asar na sauka rumfa da takardar da biro. Muka bi tafiyar tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano har ƙofar masaukinsu a Debrecen. Ni ina karanta sunayen garuruwa, shi yana tambaya: a nan akwai wurin zama? Daga ina rana take faɗuwa? In sun sauka, hagu za su yi ko dama? Abin da na sani in faɗa, wanda ban sani ba in nemo a waya. Canjin bas ya koma minti arba'in. A Budapest muka bar musu awa biyu, muka kama kujera a motar rana maimakon ta ƙarshe, ta yadda ko ta wuce su akwai biyu a bayanta. Shafi biyu suka zama huɗu.

Ranar Alhamis da safe na sayi tikitin. Kujeru biyu na jikin ƙofa suka rage a jirgin Vienna, kusa da inda ake ajiye kaya, na kama musu su. Na buga takardun, na sa a ambulan, na kai wa Alhaji. Ya duba ranar da ke jikin tikitin Venice, ya ja numfashi, ya sa ambulan ɗin a aljihun gaba.

"Juma'a ƙarfe nawa muke isa wajen Rukayya?"

"Ƙarfe huɗu na yamma, in sha Allahu."

"To," ya ce. "Kira ta ki gaya mata da bakinki."